Wane Dila Ya Fara Sayar da Ita? Tarihin Bin Sawun Tsofaffin Motoci

Kusan tsawon ƙarni na 20, kamfanonin ƙera motoci na Amurka ba sa sayar wa mutum mota hannu da hannu. Dila ne ke saye daga kamfani, shi kuma ya sayar wa jama'a. Don haka wanda ya fara mallakar kowace sabuwar Ford ko Chevrolet ko Dodge ba direba ba ne, ɗan kasuwa ne mai shago da gareji a wani gari. A kan sunansa takardun masana'anta ke tsayawa, daga kansa kuma takardun masu mota ke farawa. Wannan mahaɗa ita ce masu tara tsofaffin motoci ke nema idan suka tashi bin salsalar mota, domin a nan ne ake iya tabbatar da cewa motar da ke gabansu ita ce dai wadda ta fito daga masana'anta, da injinta da launinta da kayanta.

Tsarin dilancin ya samo asali ne daga ƙarancin jari. A ƙarshen shekarun 1890 da farkon 1900, masu ƙera motoci ƙananan 'yan kasuwa ne da ba su da kuɗin buɗe shaguna a faɗin ƙasa. Sai suka nemi wakilai cikin masu sayar da kekuna, da maƙera, da masu cinikin keken doki. William Metzger na birnin Detroit, wanda ake sa shi cikin dilolin farko, da kekuna ya fara. Sharaɗin kuwa mai tsauri ne: dila ya ba da kafin alƙalami, ya kuma biya sauran kuɗi da zarar mota ta iso. Henry Ford ya nuna ƙarfin wannan sharaɗi lokacin da kasuwa ta faɗi a 1920 zuwa 1921, bashi ya taso masa. Ya tura wa dilolinsa motocin da ba su nema ba, ya ce a biya nan take, su kuma suka ruga bankunan garuruwansu cin bashi. Kamfanin General Motors ya bi wata hanya, ya kafa reshen ba da rance mai suna GMAC a 1919, wanda ke ranta wa diloli kuɗin cika shago.

Abin da wannan ya haifar ga tarihi shi ne, babu motar da ke barin masana'anta sai da takardar kuɗi a bayanta, mai ɗauke da lambar jikin motar, da kayan da aka ƙara mata, da farashinta, da wanda zai biya. Manyan kamfanoni sun karkasa ƙasar zuwa shiyyoyi, kowace shiyya da lambarta, kowane dila a cikin shiyya da tasa. Ba marubuta tarihi suka tsara waɗannan takardu ba, akantoci ne, kuma don haraji da binciken kuɗi aka ajiye su. Da wa'adin ajiya ya cika sai a ƙone su ko a zubar, ba tare da wani ya ji an yi asara ba. Abin da ya tsira ya tsira ne bisa sa'a, ko don wani ma'aikaci ya ƙi yarda a zubar.

Doka ta fara sa sunan dila a jikin mota a 1958. Kafin lokacin, mai saye ba shi da hanyar sanin farashin da kamfani ya yanke, diloli da yawa kuwa sukan ƙara kuɗi a ɓoye, sannan su yi kamar sun saya wa mutum tsohuwar motarsa da tsada. Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya jagoranci dokar da ta tilasta liƙa takarda a gilashin kowace sabuwar mota, kuma har yau da sunansa ake kiran takardar. Dokar ta ce a rubuta samfurin motar da lambarta, da inda aka harhaɗa ta, da farashin da kamfani ya ba da shawara, da kuɗin kowane ƙarin kaya, da kuɗin dako, da sunan dilan da za a kai wa motar da garin da yake. An yi ta ne don kare aljihun mai saye, amma ta zama shaida mafi sauƙin karantawa ga duk wanda ya zo bincike daga baya. Matsalarta ɗaya: takarda ce da ake ɓamɓarewa ran da aka sayi mota, kuma mutum ɗaya cikin masu yawa ne ya damu ya ninke ta ya adana.

Lambar jikin mota, wadda mutane da yawa ke zaton tana faɗin komai, ba ta faɗin dila. Tana nuna kamfani, da shekara, da masana'antar da aka harhaɗa motar, da jerinta a layi. Sai a 1981 aka daidaita ta zuwa haruffa da alƙaluma 17, kuma kamfanonin da ke sayar da rahoton tarihin mota ta intanet, irin su Carfax, daga nan rumbunsu ya fara. Motocin shekarun 1960 ba sa ciki. Ford ta ɗan taimaka da wani ƙaramin faranti da take bugawa a ƙofar direba, mai ɗauke da lambar ofishin shiyyar da ya yi odar motar. Wanda ya ga 71 ya san ta bi ta ofishin Los Angeles, wanda ya ga 33 ya san Detroit ce. Amma shiyya guda na iya ƙunsar diloli da dama a jihohi fiye da ɗaya.

Shaidar da ta fi daraja sau da yawa a ɓoye take cikin motar. A layin harhaɗawa kowace mota na tafiya da takardar umarni da ke gaya wa ma'aikata irin inji da giya da fenti da kujerun da za su saka. Idan an gama aiki takardar ta zama shara, sai wasu ma'aikata su cusa ta cikin wayoyin kujerar baya, ko ƙarƙashin kafet, ko bayan kwalin ƙofa. A motar Corvette, daga 1967, ana liƙa kwafinta a saman tankin mai, inda ba mai ganinta sai an sauke tankin. Irin waɗannan takardu sukan nuna lambar shiyya da ta dila. Masu gyaran tsofaffin motoci sun koyi buɗe kujera a hankali, domin takardar da ta shekara hamsin tana shan zafi da laima takan marmashe da an taɓa ta. Akwai kuma tarko: ma'aikacin da ke sauri yakan cusa takardar motar da ke gaba ko baya a layi, saboda haka sai an gwada lambar da ke kanta da ta jikin motar kafin a yi murna.

Daga 1965 zuwa 1972 General Motors ta riƙa ba da wani ɗan farantin ƙarfe mai suna Protect-O-Plate, manne a littafin garanti. An buga masa lambar mota da alamun inji da giya, dila kuma ya ƙara sunan mai saye da adireshinsa da ranar da ya karɓi mota. Idan an kawo ta gyara sai a danna farantin a kan takardar aiki. Chrysler na da irinsa mai suna Certicard. Fifikon wannan faranti da littafinsa shi ne a hannun dilan da ya miƙa makulli aka cike su, ba a masana'anta ba. Ƙasa da su duka a ƙarfin shaida akwai tambarin da diloli ke ɗaurawa a murfin but, da firam ɗin lambar mota mai sunan shago. Suna da kyan gani, masu motoci na son su, amma dilan da ya sayar da motar a karo na uku ma yakan ɗaura nasa, kuma a kasuwar tsofaffin kayan mota ana sayen su kamar gyaɗa.

Da a ce son sani ne kaɗai, da wannan bincike bai zama sana'a ba. Kuɗi ne ya mayar da shi haka, kuma tushen kuɗin yana cikin shekarun 1960, zamanin motoci masu manyan injuna, lokacin da wasu diloli suka wuce matsayin 'yan tsakani suka zama masu tsara mota. General Motors ta hana saka injin da ya wuce wani girma a ƙanana da matsakaitan motocinta. Don Yenko, ɗan tseren mota da ke tafiyar da shagon Chevrolet na gidansu a Canonsburg ta jihar Pennsylvania, ya fara da cire injin Camaro a garejinsa yana saka mai lita 7. A 1969 ya sami hanyar da masana'anta za ta yi masa aikin da kanta, ta wata ƙofar oda da ake kira COPO, wadda asalinta don motocin 'yan sanda da na haya da sauran oda ta musamman aka buɗe. Camaro 201 ya karɓa ta wannan hanya a shekarar. A jihar Rhode Island, gwaje-gwajen da aka yi a shagon Bob Tasca su suka kai Ford ga fito da injin 428 Cobra Jet a 1968. Royal Pontiac da ke Royal Oak a Michigan, da Grand Spaulding Dodge na Norm Kraus a Chicago, su ma sun yi suna da gyara motoci don gudu. Motar da aka tabbatar ta fito daga ɗaya daga cikin waɗannan gidaje takan ninka 'yar'uwarta farashi a wurin gwanjo, wani lokaci sau da yawa, alhali a ido bambancin bai wuce zanen fenti da tambari ba, abubuwan da kowane mai fenti zai iya kwaikwayo.

Motar Pontiac GTO ta fi kowace nuna girman matsalar. A 1964 da 1965 GTO ba samfuri ba ce mai zaman kanta, ƙarin kaya ne da ake zaɓa a kan LeMans, saboda haka lambar jikinta ba ta bambanta ta da LeMans ta gama-gari. Sai a 1966 ta sami lambarta. Da farashin GTO ya tashi, sai LeMans da yawa suka wayi gari da sabon tambari. Abin da ya ceci kasuwar shi ne Pontiac ba ta zubar da takardun kuɗinta ba, ta adana su a ƙananan fina-finan ajiyar takardu. Jim Mattison, tsohon ma'aikacin General Motors, ya kafa Pontiac Historic Services a ƙarshen shekarun 1980, yana fito wa masu motoci da kwafin takardar motarsu, daga samfurin 1961 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Tun daga nan, a kasuwar Pontiac, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ko motar na da takardun PHS.

A Ford, wata ma'aikaciya mai suna Lois Eminger ce ta gano cewa ana lalata tsofaffin takardun kuɗi, ta nemi izini ta kwashe na wasu samfura da ta ga za su yi daraja, irin su Thunderbird da Mustang. Daga baya tarin ya koma hannun Kevin Marti na jihar Arizona, wanda kuma ya sami lasisin Ford na amfani da bayanan kwamfutar kamfanin daga samfurin 1967. Rahoton Marti yana nuna ranar oda, da ranar ƙira, da ranar sayarwa, da sunan dila, har da yawan motocin da aka yi masu irin wannan launi da kaya. Chrysler ta adana katunan IBM masu huji na motocinta har zuwa 1967, wato ajiyar ta yanke daidai bakin shekarun da motocinta mafi tsada a yau suka fito. Studebaker, wanda ya daina ƙera mota a 1966, ya fi wasu masu rai sa'a, domin takardun odarsa suna gidan tarihinsa a South Bend ta Indiana.

Babban giɓin yana wurin Chevrolet, wanda ya fi kowa sayar da motoci a yawancin waɗannan shekaru. Takardun kuɗin motocinsa da aka yi a Amurka kafin 1977 ba sa samuwa. Saboda haka ne jabun Camaro da Chevelle suka fi yawa, kuma saboda haka ne ɗan farantin garanti na Chevrolet ke da daraja haka. Ƙofofi biyu suka rage. Reshen kamfanin na Kanada, a Oshawa, ya riƙe bayanan motocin da aka ƙera ko aka sayar a can, har ta kai motar da ta fara rayuwa a ƙasar ƙanƙara da gishirin titi, wadda ya kamata a guje ta saboda tsatsa, ta fi ta Kalifoniya ƙarfin takarda. Ƙofa ta biyu ƙungiyar masu gyaran Corvette ce, NCRS, wadda ta sami bayanan jigilar motoci. Tana ba da rahoton Corvette daga 1962 zuwa 1975, da na Camaro da Chevelle da Nova na wasu shekaru tsakanin 1965 da 1972. Rahoton gajere ne: ranar ƙira, lambar shiyya, lambar dila, sunansa da garinsa. Ba ya faɗin inji. Amma ga wanda aka kawo wa mota da sunan Yenko, layi ɗaya da ke cewa Canonsburg, ko wanda ke cewa wani gari dabam, ya isa ya juya ciniki.

Ko an sami sunan, aiki bai ƙare ba, domin dilan da aka caja ba lallai shi ne ya sayar ba. Labarin Fred Gibb ya isa misali. Dilan Chevrolet ne a ƙaramin garin La Harpe na jihar Illinois, mai sha'awar tsere, shi ya matsa aka yi Camaro ZL1 mai injin alminiyam a 1969. Guda 69 aka ƙera gaba ɗaya, 50 daga ciki odarsa ce. Da motocin suka iso sai ya tarar farashin kowace ya haura dala 7,000, fiye da ninki biyu na Camaro ta gama-gari. Bai sayar da ko rabinsu ba. Kamfani ya karɓi sauran ya rarraba wa wasu diloli a faɗin ƙasa. Yenko ma ba a Canonsburg ya sayar da duk motocinsa ba, yana da wasu shagunan Chevrolet da yake tura musu. Ban da waɗannan, musayar motoci tsakanin diloli abu ne na yau da kullum: mai saye na son ja, dila na da shuɗiya, sai ya buga wa maƙwabcinsa waya su yi canji. Ita kanta lambar dila takan koma kan wani idan shago ya canza hannu, don haka sai an dubi jerin diloli na shekarar da ake magana.

Daga suna zuwa wuri wata tafiya ce. A farkon shekarun 1950 dilolin sababbin motoci a Amurka sun haura 40,000. Yau ba su kai 20,000 ba. Plymouth ta mutu a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010, kuma a 2009 kaɗai Chrysler ta soke yarjejeniyar diloli 789. Shagon gidan da ya rufe, takardunsa kan ƙare a bola. Mai bincike sai ya koma ɗakin karatu na garin, ya buɗe littattafan adireshi na shekara-shekara irin na kamfanin R. L. Polk, da tsofaffin littattafan tarho, da shafukan talla na jaridar garin, inda wani lokaci ake tarar da tallar motar da lambarta. Tsofaffin kanikawa da 'ya'yan mai shago sun sha fito da littafin ciniki daga ƙasan gado. Ofisoshin rajistar motoci na jihohi a da su ne hanya mafi sauƙi, ana bin masu mota baya ɗaya bayan ɗaya har a kai ga na farko. Wannan ƙofa ta tsuke bayan 1994, da aka yi dokar kare sirrin direbobi, sakamakon kisan 'yar fim Rebecca Schaeffer a 1989, wadda aka samo adireshinta ta ofishin rajistar motoci na Kalifoniya. Jihohi da yawa ma ba su ajiye tsofaffin fayilolin ba.

Inda takarda ke ƙara kuɗi, dole a sami mai buga ta. Ana yin farantin garanti na jabu, ana tsufar da sabuwar takarda da shayi da zafi. Akwai kuma kwafin takardar gilashi da ake bugawa da izini don ado a wurin baje koli, wanda ba laifi ba ne sai an gabatar da shi a matsayin na asali. Masana kan duba sifar haruffan na'urar bugu, da irin takardar, da ko ranakun sun jeru bisa hankali: inji kafin mota, mota kafin jigila, jigila kafin sayarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma galibi a kan rana ɗaya da ta saɓa ake kama mai shi.

A Turai ajiyar ta fi tsari, sai dai sau da yawa sawun kan tsaya a bakin teku. Gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon na riƙe da littattafan masana'antun Austin, Morris, MG, Triumph, Rover da Land Rover, yana ba da takardar shaida mai ranar ƙira, da ranar fitarwa, da inda aka aika. Motar da aka sayar cikin Ingila takan zo da sunan gida irin Henlys na Landan. Wadda aka fitar waje kuwa, abin da aka rubuta yakan zama sunan ƙasa ko na babban mai shigo da kaya. Jaguar da ta tafi Amurka a farkon shekarun 1950 za ta nuna Max Hoffman a New York ko Charles Hornburg a Los Angeles, ba ƙaramin dilan da ya sayar da ita ba. Hoffman, wanda ya matsa wa Mercedes-Benz ta fito da 300 SL a 1954, sunansa na kan katunan Porsche da Mercedes masu yawa na wancan lokaci.

Haka abin yake ga motocin da aka kawo Najeriya sababbi kafin a fara harhaɗa su a gida. A wancan lokaci manyan kamfanonin ciniki ne ke riƙe da wakilci: Leventis na da Mercedes-Benz, Mandilas na da Volkswagen, SCOA na sayar da Peugeot, BEWAC na da Land Rover, R. T. Briscoe kuma Toyota. Takardar masana'anta za ta kai mai bincike ga mai shigo da kaya a Legas, amma ko a reshen Kano ko Jos ko Kaduna aka miƙa makulli, wannan sai rasit, ko littafin sabis mai hatimin reshe, ko lambar rajista ta farko, wadda haruffanta ke nuna garin da aka yanke ta. Daga 1975 lissafin Peugeot ya sake, domin 504 ɗin da ke kan titin Zariya ba lallai daga masana'antar Peugeot ta Sochaux ta fito a haɗe ba. An fara harhaɗa ta a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, kuma daga can aka riƙa rarraba ta ga diloli.